Laifinsu ƙamus

Ummi ce ta jawo mini wannan karatun, ita kanta ba ta sani ba. 'Yata ce ta biyu, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidan. Tun dogon hutun bara ta kamu da finafinan Koriya a wayar uwarta. Na yi faɗa, na ɓoye caja, daga baya na gaji na zuba ido. Wata Asabar ina zaune a tsakar gida ina duba takardun jarrabawa (malamin Hausa ne ni, bana shekarata goma sha tara da alli a hannu) sai idona ya faɗa kan littafin lissafinta da ta bari a tabarma. Bangon baya cike yake da 'yan zane-zane: ƙawanya, sanda a tsaye, sanda a kwance, wani kamar kusurwar ɗaki.

Na ce, "Ummi, wannan kuma hatimin mene ne?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Abba, ba hatimi ba ne fa. Rubutun Koriya ne, hangul. Ka ga nan, sunanka ne na rubuta."

Ta ce kwana uku ta yi ta iya haɗa baƙi. Ban yarda ba sai da ta zauna ta nuna mini. Harafin "m" ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, siffar baki ke nan. Harafin "n" siffar harshe ne a lokacin da tsininsa ya taɓa hanƙa. Na "g" kuwa doron harshe ne ya tashi ya tare hanɗa. Nan na ajiye jan biro. Shekara da shekaru ina fama da 'yan aji su rarrabe baleɓe da bahanƙe da bahanɗe, ina zana musu baki a allo suna hamma, ashe akwai mutanen da suka ɗauki wannan zanen suka mai da shi haruffansu tun 1443.

Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro su, aka bayyana wa jama'a a 1446. Haruffa 28 ne a lokacin, yau 24 ake amfani da su. Dalilinsa shi ne talaka yana da abin faɗa a bakinsa amma ba ya iya sa shi a takarda da rubutun Sin mai dubban alamomi. Daren nan ni na ƙarar da datar gidan. Daga Sejong na yi ta gangarowa har na ci karo da abin da ya hana ni barci: a 1942 'yan sandan Japan sun yi kamen masana harshen Koriya, mutum 33 aka sa a cikin tuhuma, biyu suka mutu a kurkuku. Abin da aka same su suna yi, ƙamus suke rubutawa.

Bari in share fage a gurguje, don da yawanmu ta wayar Samsung da motar Hyundai muka san Koriya, ba mu san an taɓa yi mata mulkin mallaka ba. Kuma maƙwabciyarta ce ta mallake ta, wadda ɗan teku kawai ya raba su. Japan ta ci Sin da yaƙi a 1895, ta ci Rasha a 1905, sannan ta waiwayo. A Nuwamban 1905 ta tilasta wa ministocin Koriya sa hannu a yarjejeniyar da ta ƙwace musu ikon hulɗa da ƙasashen waje. Sarki Gojong ya aika wakilai uku a asirce zuwa taron zaman lafiya na birnin Hague a 1907 su kai kuka, ko shiga zauren ba a bari sun yi ba. Japan ta tuɓe shi, ta rushe rundunar sojansa. Ranar 29 ga Agusta, 1910 aka shelanta cewa Koriya ta zama yankin Japan. Shekaru goman farko mulkin takobi aka yi a zahiri: malamin firamare ma da kaki yake shiga aji, takobi a ɗamara. A 1912 aka kafa dokar bulala wadda ɗan Koriya kaɗai take hawa kansa. Daga 1910 zuwa 1918 aka yi awon filaye, manoma da yawa suka wayi gari 'yan haya a gonakin da kakanninsu suka nome.

Mutanen ba su kwanta ba. An Jung-geun ya harbe Ito Hirobumi, babban razdan na farko da Japan ta naɗa a Koriya, a tashar jirgin ƙasa ta Harbin ranar 26 ga Oktoba, 1909, aka rataye shi a watan Maris na 1910. Sai ranar 1 ga Maris, 1919, kwana biyu kafin jana'izar Gojong, gari cike da baƙi. Shugabannin addini 33 suka sa hannu a takardar shelar 'yanci: Kirista 16, mabiya addinin Cheondogyo 15, 'yan Buddha biyu. Suka taru a wani gidan abinci a Seoul suka yi shelar, sannan da kansu suka aika wa hukuma ta zo ta kama su. Ɗalibai kuwa suka karanta takardar a lambun Pagoda, suka fantsama titi suna kiran "manse", wato shekara dubu goma, kamar dai ka ce ran ƙasa ya daɗe. Wata biyu ana yi, birni da ƙauye, hannu rabbana. Masanin tarihi Park Eun-sik ya ƙirga mutum 7,509 da aka kashe. Lissafin hukumar Japan 553 ne. Cikin waɗanda aka kama akwai Yu Gwan-sun, 'yar makaranta mai shekara 16, kusan sa'ar Ummi. A gabanta aka kashe uwa da uba a kasuwar Aunae ranar 1 ga Afrilu, ita kuma ta rasu a gidan yarin Seodaemun ranar 28 ga Satumba, 1920. A Afrilun 1919 aka kafa gwamnatin gudun hijira a Shanghai, kuma a can ne a 1932 Yun Bong-gil ya jefa bam a taron manyan hafsoshin Japan.

Waɗannan su ne ake yi wa gumaka, kuma sun cancanta. Ni ma da farko su suka ɗauke mini hankali, wane namiji ne ba ya son labarin jarumta? Amma kullum sai in koma kan masu ƙamus, wataƙila don na san irin aikin. Na san yadda baya yake ciwo, na san yadda ake raina shi.

Tushensu wani malami ne, Ju Si-gyeong, haifaffen 1876. A zamaninsa masu ilmi da rubutun Sin suke taƙama, hangul kuwa suna kiransa rubutun gama-gari, wasu ma su ce rubutun mata. Ya yi aiki a jaridar Dongnip Sinmun da aka fara bugawa a 1896 da hangul zalla, daga baya ya koma koyarwa. Makarantu da yawa yake zagayawa a rana ɗaya da littattafansa ƙunshe a tsumma, har ɗalibai suka sa masa suna Ju Mai Ƙunshi. Da na karanta wannan sai na tuna kaina a kan babur tsakanin makarantar safe da ta yamma, jakar leda a maƙale. A 1911, shekara guda bayan ƙasa ta faɗi, shi da almajiransa suka fara tattara kalmomi. Suka kira aikin malmoi, ma'anarsa tara magana. A 1914 ya rasu kwatsam bai kai arba'in ba. Ɗaya daga cikin almajiran, Kim Tu-bong, ya tsere zuwa Sin, wani ya rasu, aikin ya tsaya cak.

Amma mai ƙunshi ya bar iri. Bayan zanga-zangar 1919 Japan ta ɗan sassauta, ta ba da izinin buga jaridun Koriyanci, ciki har da Dong-A Ilbo da Chosun Ilbo, a 1920. A 1921 almajiransa suka kafa ƙungiyar nazarin harshe, wadda a 1931 ta koma Joseoneo Hakhoe, Ƙungiyar Harshen Koriya. Ranar 31 ga Oktoba, 1929 mutum 108 suka taru suka ce za a yi babban ƙamus na Koriyanci, a fassara Koriyanci da Koriyanci.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce wurin tsayawa. Ƙamusoshi akwai su kafin nan. 'Yan mishan na Faransa sun buga nasu a 1880, 'yan mishan masu jin Ingilishi sun yi nasu, gwamnatin mallaka ma ta fitar da nata a 1920 da bayani cikin Japananci. Dukkansu baƙo aka yi wa, domin ya ji abin da ɗan ƙasa yake faɗa, ya yi masa wa'azi ko ya karɓi harajinsa. Mu ma mun san wannan. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda har gobe nake buɗawa kuma nake jinjina masa, Hausa ce zuwa Ingilishi, kuma gwamnatin Turawa ce ta sa a yi shi. Ƙamusun Hausa zalla na Jami'ar Bayero sai 2006 ya fito. Ƙamus ɗin da yake bayyana harshe da harshen kansa wani abu yake faɗa: cewa harshen nan ya ishi kansa, ba ya bukatar tafinta tsakaninsa da 'ya'yansa.

Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Yi Geuk-no. Digirin digirgir gare shi kan tattalin arziki daga Jami'ar Berlin, ya samu a 1927, a zamanin da irin wannan takarda za ta iya ba shi kujera mai laushi. Ya dawo gida a 1929 ya shiga yawon neman taimako gida-gida da takalmin roba, har ake ce masa dakta mai takalmin roba. Ofis ma ba su da shi na kirki sai da wani mai gina gidaje, Jeong Se-gwon, ya ba su bene kyauta a 1935. Shi ma daga baya wannan kyautar ta jawo masa kamu da asarar dukiya.

Da suka zauna sai suka tarar ba a iya fara ƙamus ba tukuna. Ta yaya za ka jera kalmomi alhali kowa yadda ya ga dama yake rubuta su? Duk malamin Hausa da ya taɓa kwana yana gyara "ya na" zuwa "yana", yana raba abin da aka haɗe, yana haɗe abin da aka raba, ya san wannan ciwon kan. Shekara uku suka yi, zama 125, kafin su fitar da ƙa'idojin rubutu a 1933. Babbar gardamar ita ce: a rubuta yadda kunne ya ji, ko a kiyaye saiwar kalma? Suka bi ra'ayin malaminsu, aka kiyaye saiwa. Misali kalmarsu ta farashi, in tana ita kaɗai "gap" ake furtawa, amma ana rubuta ta da "s" a ƙarshe, domin da zarar wasali ya biyo baya sai "s" ɗin ya farka a ji shi. Har yau a kan wannan ginshiƙin rubutunsu yake tsaye.

Sannan sai rigimar karin harshe. In abu ɗaya yana da suna biyar a larduna biyar, wanne za a sa a gaba? Ka ƙaddara an tara Bakano da Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi da Badamagare a ɗaki ɗaya an ce su zaɓi kalma ɗaya. Mutum 73 suka sa a kwamitin, kusan rabi daga Seoul da kewayenta, sauran daga larduna, suka yi ta kai ruwa rana har 1936, suka fitar da jerin daidaitattun kalmomi sama da dubu shida. Ba su zubar da sauran ba. Mujallarsu mai suna Hangeul ta yi kira ga masu karatu su aiko da kalmomin garuruwansu, malamai da ɗalibai in sun je hutu ƙauye su zauna gaban tsofaffi da fensir. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga ko'ina. Wannan ɓangaren ya fi kowanne taɓa ni. Yaro ya tambayi kakarsa me ake kiran wannan ciyawar, ya rubuta, ya liƙa kan sarki, ya aika wa wasu mutane da bai taɓa gani ba.

A wannan shekarar ta 1936 ne Sohn Kee-chung ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Berlin, cikin awa 2 da minti 29 da daƙiƙa 19. Da sunan Japan aka kira shi, Son Kitei, tutar Japan aka ɗaga, shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya kare ƙirjinsa da tukunyar ɗan itacen da aka ba shi kyauta. In aka miƙo masa takarda ya sa hannu, da hangul yake rubuta sunansa. Dong-A Ilbo ta buga hotonsa ta goge tutar da ke rigarsa, aka kama ma'aikatanta, aka rufe ta wata tara.

Daga 1937, da Japan ta afka wa Sin gadan-gadan, igiya ta fara tsukewa. Manufar yanzu ita ce a narkar da ɗan Koriya ya zama Bajapane. Aka tilasta rantsuwar biyayya ga sarkin Japan da zuwa wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan. A 1938 darasin Koriyanci ya zama na ganin dama a makarantu, daga nan ya ɓace. A Fabrairun 1940 aka ce kowane gida ya yi rajistar suna irin na Japan, ga mutanen da suke ajiye littafin salsalar zuri'a na ɗaruruwan shekaru. Wanda ya ƙi, ya gani a wajen sa ɗansa makaranta da wajen rabon abinci. Cikin wata shida kusan gida takwas cikin goma sun yi. A Agustan shekarar aka rufe jaridun nan biyu. A makarantu akwai inda ake raba wa yara 'yan katuna, duk wanda ya ji ɗan'uwansa ya yi Koriyanci sai ya karɓe masa ɗaya, wanda nasa suka ƙare ya sha hukunci.

Nan dole na tuna monitan ajinmu da 'yar takardarsa ta masu yin banakula, tarar sule biyar ko sharar fili. Abokan aikina na Nijar sun ba ni labarin sambol, abin da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa ko Zabarmanci a makarantar Faransa, shi ma ya yi ta kasa kunne ya sami wanda zai sauke wa. Dabarar ɗaya ce, a mai da yaro ɗan sandan ɗan'uwansa. Amma kada in zuga abin ya wuce gona da iri. Mu a nan Arewa ba a hana mu Hausa ba. Bature ya ga ta fi masa arha wajen mulki, ya rungume ta, har ya kafa mana Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shekara guda kafin a rufe wa Koriya nata jaridun. Ba a taɓa ɗaure malamin Hausa don ya koyar da nahawu ba. Nasu ya fi namu zafi nesa ba kusa ba.

Masu ƙamus suka ga hadari ya haɗu, suka ƙara sauri. Sun ma bi doka: sun kai wani kaso na rubutun ga hukumar tace littattafai, an ba su izinin bugawa a 1940, a 1942 har an fara jera haruffa a maɗaba'a. Sai ƙaddara ta biyo ta inda ba wanda ya zata.

A daminar 1942, a garin Hongwon da ke arewa maso gabas, 'yan sanda suka shiga binciken wani gida kan wata magana daban. Suka ci karo da dayarin wata yarinya 'yar makarantar mata ta Yeongsaeng da ke Hamhung. A wani shafi ta rubuta cewa ta yi magana da harshen ƙasa, malami ya yi mata faɗa. A dokar lokacin harshen ƙasa Japananci ne. To wane malami ne yake yi wa yara faɗa don sun yi Japananci? Aka tsare 'yan mata, aka matsa musu har suka ambaci sunaye. Cikin sunayen akwai Jeong Tae-jin, wanda ya taɓa koyarwa a makarantar, a lokacin kuma yana Seoul yana aikin ƙamus. A watan Satumba aka kama shi, aka gana masa azaba har aka sami abin da ake so a rubuce: wai ƙungiyar harshe ƙungiyar neman 'yanci ce a ɓoye. Ranar 1 ga Oktoba aka kwashi mutum 11 na farko, aka ci gaba da kame har cikin 1943. Aka kwashe rubutun ƙamus ɗin kaf a matsayin shaida.

Na daɗe ina tunanin yarinyar nan. Layi ɗaya a littafin da ta ɗauka ba mai gani sai ita.

A ofishin 'yan sandan Hongwon aka tsare su kusan shekara. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yadda masu azabar suka raɗa wa aikinsu sunaye na yaƙi: yaƙin ƙasa shi ne duka, yaƙin ruwa shi ne a kwantar da mutum a ɗura masa ruwa ta hanci, yaƙin sama kuwa a ɗaure hannu ta baya a rataye shi yana lilo. Cikin masu yin wannan aikin har da 'yan Koriya masu amsa sunan Japan. Waɗanda ake yi wa kuwa malaman makaranta ne, da yawansu sun haura hamsin. Daga nan aka mai da su gidan yarin Hamhung, ga yunwa ga sanyin arewa mai daskarar da ruwa. Yi Yun-jae ya rasu ranar 8 ga Disamba, 1943. Han Jing ya bi shi ranar 22 ga Fabrairu, 1944. Ko gaban alƙali ba a kai ga yanke musu hukunci ba.

Da dokar kiyaye zaman lafiya aka tuhume su, dokar da aka tanada domin masu neman kifar da mulki. Abin da takardar tuhumar ta ƙunsa shi ne harshen al'umma yana raya mata tunanin cewa ita al'umma ce, don haka hidimar harshe wata hanya ce ta neman 'yanci a sannu, mai dogon hange. Na karanta wannan sau uku. Ƙarya aka yi musu da aka ce suna shirya tawaye, kuma da duka aka samo ikirarin. Amma a kan asalin maganar, mai gabatar da ƙara bai yi kuskure ba. Ya fahimci darajar ƙamus fiye da yadda yawancin iyayen ɗalibaina suka fahimta, su da in ɗansu ya ce zai karanta Hausa a jami'a sai ka ga an yi jugum kamar an yi rasuwa. Choe Hyeon-bae, ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗaure, tun shekarun 1930 ya rubuta a littafin baƙi na wani gidan abinci cewa hangul rai ne. Su ma sun san abin da suke yi.

A Janairun 1945 kotun Hamhung ta yanke hukunci. Yi Geuk-no shekara shida, Choe Hyeon-bae huɗu, Yi Hui-seung biyu da rabi, Jeong In-seung da Jeong Tae-jin bibbiyu. Huɗu daga cikinsu suka ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Seoul. Ranar 13 ga Agusta aka kori ƙarar. Kwana biyu bayan haka Japan ta miƙa wuya. Ranar 17 ga wata aka buɗe musu ƙofa suka fito, fata da ƙashi.

Suka isa Seoul, gari ana ta murna, su kuwa abu ɗaya suke nema. Ina rubutun? Aikin shekara goma sha uku ne, kuma a kwanakin nan jami'an Japan suna ta cinna wa takardu wuta kafin su fice. Ranar 8 ga Satumba, 1945 aka gano shi a siton wani kamfanin dakon kaya da ke tashar jirgin ƙasa ta Seoul, shafi sama da 26,500, cikin kayan da ba a kai wa masu su ba. Ashe ɗaukaka ƙarar nan ce ta sa aka yi jigilarsa daga Hamhung a matsayin shaidar da babbar kotu za ta duba, ya maƙale a tasha cikin ruɗanin ƙarshen yaƙi. Ƙarar ta faɗi, amma ita ta ɗauko ƙamus ɗin ta tsallako da shi kudu. Da sun haƙura sun karɓi hukunci, da a Hamhung zai zauna, garin da ba da jimawa ba ya faɗa hannun sojan Tarayyar Sobiyat.

Da a ce fim ne irin na Ummi, a siton nan za a rufe labari. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. 'Yancin da aka samu ranar 15 ga Agusta ya zo da layi a tsakiyarsa: wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, sun duba taswira a daren 10 ga wata sun zaɓi layin latitud na 38 da ya ratsa tsakiyar ƙasar, Sobiyat a arewa, Amurka a kudu. Kundi na farko na ƙamus ɗin ya fito ranar 9 ga Oktoba, 1947. A 1948 Yi Geuk-no ya tafi taro Pyongyang, babban birnin Arewa, ya zauna can. Kim Tu-bong, almajirin mai ƙunshi da ya tsere tun 1919, shi ne ya zama shugaban majalisar ƙoli ta Arewa kafin a kawar da shi a ƙarshen shekarun 1950. Choe Hyeon-bae ya tsaya a Kudu yana tsara littattafan makaranta. Kalmar Joseon kanta, tsohon sunan Koriya, ta zama abin tsoro a Kudu tunda ita Arewa ta ɗauka a sunanta, dole ƙungiyar ta koma Hangeul Hakhoe a 1949, aka kuma cire kalmar daga sunan ƙamus ɗin. Yaƙi ya ɓarke a 1950. Jeong Tae-jin, wanda ta kansa kamen ya fara, ya rasu a 1952 bai ga ƙarshen aikin ba. Da tallafin takarda da tawada daga gidauniyar Rockefeller aka lallaɓa, kundi na shida ya fito ranar 9 ga Oktoba, 1957, kalmomi 164,125. Shekara 28 ke nan daga taron mutum 108.

Saboda almajiran mutum ɗaya ne suka riƙe harkar harshe a ɓangarorin biyu, kuma daga ƙa'idojin 1933 kowa ya tashi, har yau ɗan Seoul yana iya karanta jaridar Pyongyang. Kalmomi ne suka yi ta rabuwa. Kudu ta cika da aro daga Ingilishi, Arewa ta yi ta ƙirƙiro nata. A 2005 masana daga ɓangarorin biyu suka haɗu a dutsen Kumgang suka ƙaddamar da ƙamus na haɗin gwiwa. Sun yi zama fiye da ashirin, siyasa tana katse su suna komawa, tun ƙarshen 2015 kuwa ba su sake zama tare ba.

Akwai wata kalma, dongmu. Asalinta aboki ce, abokin wasan ƙasa, tana cikin waƙoƙin yara na da. Da Arewa ta ɗauke ta ta mai da ita kalmar da 'yan gurguzu ke kiran juna, sai Kudu ta guje ta, don a wani zamani furta ta kaɗai ya isa a yi maka kallon ɗan leƙen asiri. Jiya da daddare Ummi tana wanke-wanke a bakin rijiya na tambaye ta yadda ake cewa aboki da Koriyanci.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Chingu mana, Abba. Wannan ai kowa ya sani."

Na ce, "Dongmu fa?"

Ta tsaya da kwano a hannu, ta ɗan yi tunani, ta girgiza kai. Ta ce duk finafinan da ta kalla ba ta taɓa jin ta ba, in rubuta mata a bayan littafin lissafin ta duba.